Matakalar mota mai ɗaki ta ruɓe a Ajah: katako za a mayar ko ƙarfe?

Direban Mai Ɗaki: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masu sana'a nake nema. Maigidana yana da irin motar nan ta Amurka mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, kanta Ford E-450 ne. Tokumbo ce, ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can a nan Legas ta shigo. 'Yan fim ne suka fi ɗaukarta haya, a kai ta wajen aiki 'yan wasa su riƙa hutawa da canja kaya a ciki. A wani fili a Ajah muke ajiye ta. Matsalar a bakin ƙofa take. Matakala biyu gare ta: ta waje, ta ƙarfe, mai fitowa da kanta in an buɗe ƙofa, sai ta ciki mai hawa biyu da aka lulluɓe da baƙar roba. Ta cikin nan yanzu in ka taka hawan ƙasa sai ka ji ya lotsa. Na ɗaga gefen robar, katakon ya yi baƙi ƙirin, na soka makulli ya shige salin-alin, ga warin funfuna. Ta wajen kuma sai ta fito rabi ta tsaya tana ƙas-ƙas. Alhaji ya ce a san yadda za a yi kafin masu haya su dawo. Wa zan fara kira, kafinta ko mai walda?

Mai Walda Owode: Wa alaikumus salam. Ni za ka kira. Katako a bakin ƙofar mota a garin Ikko? Waɗanda suka ƙera ta ba su san irin daminarmu ba. A farfasa katakon nan a zubar, in haɗa maka firam da ƙarfen angul, in ɗora faranti mai ƙurji-ƙurji irin na ƙasan bas, in bi shi da jan fenti. Kai da ruɓa har abada. Kayan aikin duk ga su nan jibge a kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin.

Baba Kafinta Agege: Har abada ta Allah ce, Malam mai walda. Ruɓa za ta tafi, tsatsa ta zo ta gaje ta. A Ajah fa ya ce, inda iskar teku ke kaɗowa da gishirinta. Je ka duba ƙofofin ƙarfe na gidajen unguwar ka ga yadda gindinsu yake cinyewa.

Ɗan Kosta: Baba, da girmanka, ni dai ina bayan mai walda. Duk bas ɗin da na tuƙa matakalarta ƙarfe ce, fasinja na hawa da jiƙaƙƙen takalmi safe da yamma, kuma tana kai shekaru.

Baba Kafinta Agege: Tana kai shekaru saboda a buɗe take, ruwa ya zuba ya tsiyaye, iska ta busar. Wannan kuwa akwati ce a rufe, roba a sama, kwano a ƙasa. Ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Injiniya Yaba: Ku ɗan dakata, ana ta cinikin magani ba a tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo ba. Malam direba, tambayoyi gare ni. Wurin yana jiƙewa ne sai an yi ruwan sama kawai, ko har da rani? Baƙin da katakon ya yi, ta ina ya fi tsanani, ta bakin ƙofa, ta gefen da ƙofar ke manne, ko daga ƙasa? Sannan in motar tana tsaye a filin nan, daidai take ko ta ɗan karkata?

Direban Mai Ɗaki: Injiniya, ka tuna min wani abu. Ko a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, in mun yini a wajen 'yan fim nakan ga bakin ƙofar da danshi. Na ɗauka ruwan da suke zubarwa ne. Baƙin ya fi yawa a kusurwar baya, gindin firam ɗin ƙofa. Motar kuma ta ɗan kwanta dama, don filin gangare ne zuwa kwata.

Mai Kiliyarin Apapa: Kafin a yi nisa, ka tabbata ba da ciwonta ta zo ba? Ba kowace tokumbo ce lafiyayya ba. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, da ta Ian a Florida a 2022, motoci masu yawan gaske da ruwa ya shanye kamfanonin inshora suka kai gwanjo, wasunsu kuma nan suka ƙare. A wanke, a fesa turare, a sayar. Ka jawo bel ɗin kujerar direba har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa a jiki. Ka leƙa ƙarƙashin kujeru da cikin akwatin fis ko akwai busasshiyar laka. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ɗin nan ma in ka ba wanda ya iya bincike a intanet zai fito maka da tarihinta.

Direban Mai Ɗaki: Na duba yanzun nan, bel fes yake, ƙarƙashin kujera ƙura ce kawai. Sauran ɗaben motar ma ƙalau, bakin ƙofar ne kaɗai.

Ɗan Kosta: To ai ambaliyar nan tamu ma ta isa. Ruwan ranar 3 ga Yuli 2024 kaɗai, da ya cika Iyana-Oworo har masu hawa gadar Third Mainland suka yi cirko-cirko, Lekki da Ajah suka zama tafki, wace matakala ce za ta tsira? Ita ce fa mafi kusa da ƙasa a duk jikin motar. Kuma ku lura, ƙofar motar Amurka a dama take, mu ma tun 1972 hannun dama muke bi, ke nan kullum ƙofar tana ɓangaren kwata, inda ruwa ke kwanciya. Tayar gaba ta watsa mata, ta baya ta ƙara.

Injiniya Yaba: Wannan gaskiya ne game da ta waje, kuma shi ya sa ta yi tsatsa. Amma ambaliya ba ta zuwa a Janairu. Malam direba, na'urar sanyaya ɗakin a kan rufi take ko?

Direban Mai Ɗaki: A kan rufi, kusan saitin ƙofar. In muna wajen aiki tun safe take kunne da janareto har dare.

Injiniya Yaba: To ga wanda nake zargi. Irin wannan esi ba ta da bututun da ke kai ruwanta ƙasa kamar ta gida, a kan rufin take zubar da shi, shi kuma ya bi gangare. A garin da iska ke cike da laima kamar Legas, ruwan da take tatsa a yini ba kaɗan ba ne. Motarka ta kwanta dama, sai ruwan ya gangaro ta kan ƙofa. In gam ɗin da ke saman firam ɗin ya tsage, ko ƙusoshin da suka riƙe rumfar gefe sun saki, ruwan zai shige cikin bango ya sauko a ɓoye, ya taru a wuri mafi ƙasa, wato matakala. Da damina ruwan sama ya bi wannan hanyar, da rani esi ta karɓe shi. Katakon bai taɓa samun hutu ba. In ba a toshe can sama ba, ko zinariya aka shimfiɗa a ƙasa aikin banza ne.

Ga yadda za ka gane. Ka sa mutum ɗaya a ciki da tocila, robar matakalar a ɗage. Kai kuma ka riƙe tiyo a waje, ba da ƙarfi ba, ruwan ya riƙa zuba a hankali. Ka fara daga ƙasa: dokin ƙofa tukuna, ka daɗe a wurin, sannan gefe, sannan tagar ƙofar, sannan sama, rufi shi ne na ƙarshe. In ka fara daga sama komai zai jiƙe, ba za ka san ta inda ya shiga ba. Kada ka yi gaggawa, wani lokacin sai ruwa ya yi mintuna yana tafiya cikin bango kafin ya ɓullo.

Rewaya Ladipo: Ni tawa tambayar daban ce. Oga direba, batiran ɗakin a ina suke? Da yawa daga irin waɗannan motocin a ƙarƙashin matakalar ciki ake ɓoye su, hawan sama shi ne murfi.

Direban Mai Ɗaki: Ƙwarai, nan suke, guda biyu. Kawunansu sun yi fari-fari da kore.

Rewaya Ladipo: To Malam mai walda ka ji. Da ka zo ka kunna wuta a wurin nan da an ji labari. Batir mai ruwa in yana caji iskar da yake fitarwa tana kamawa da tartsatsi ɗaya. Ga tankin gas ɗin girki a ɗaure a ƙarƙashin motar, ga tankin fetur, ga soso a cikin bango. Ba a walda a jikin irin wannan motar sai dole, kuma sai an fitar da batiran ɗaki, an cire kan na injin, an rufe gas.

Mai Walda Owode: Kai yaro, ka taɓa ganin na yi walda ban leƙa ƙarƙashi ba? Tun kana makarantar allo nake wannan aikin.

Rewaya Ladipo: Allah ya ba da haƙuri Oga, ba raini ba ne. Don masu karatu na faɗa, wani zai kai wa ɗan koyo.

Shugaban Zaure: A ci gaba da bayani, a bar shekaru. Kuma wanda ya turo tallan fili a Ikorodu na goge, ba wurinsa ba ne nan.

Rewaya Ladipo: Bari in yi maganar matakalar waje, don ina jin ba ta mutu ba. Abin da ke cikinta kaɗan ne: ƙaramar motar lantarki (wato ɗan injin da ke juya ta) mai aiki da bolt 12, kusan irin ta gilashin ƙofa, da giya mai haƙora, da hannun da ke tura ta, da ɗan akwatin da ke ba da umarni, sai makunni mai maganaɗisu a jikin ƙofa. Akwatin nan yana auna nauyin da motar lantarkin ke ja ne. In ya ji ta yi nauyi sai ya ɗauka matakalar ta kai ƙarshe ko ta bugi wani abu, ya yanke wuta. To tsatsa da yashi in suka cushe gaɓoɓin, nauyin zai zo tun a rabin hanya. Haka in wayar as, wato wayar da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, ta ci tsatsa a inda aka ɗaure ta da shasi, ko batir ya yi sanyi. Ka ga duka ukun kana da su.

Abin yi: a cire mata wuta kafin kowa ya sa hannu, domin in ta motsa tana iya datse yatsa. A kwance ta, notuna kaɗan ne suka riƙe ta. A wanke gaɓoɓin, a kankare inda wayar as ke zama har ƙarfe ya yi haske, a buɗe soket a busar a shafa man da ake sa wa kan waya. In ƙirar Kwikee ce, don ita ta fi yawa a motocin Amurka, littafinta cewa ya yi a riƙa sa mata mai duk kwana 30, kuma bai yarda da man fesawa na WD-40 a matsayin man gaɓa ba, don bushewa yake yi ya bar ƙarfe tsirara. Kada a fara da sayen sabuwar motar lantarkin, sau da yawa tsohuwar lafiyarta lau.

Ɗan Kosta: Mu dai baƙin mai muke shafawa a ƙarƙashi, kuma yana korar tsatsa.

Rewaya Ladipo: Yana korar tsatsa, yana gayyato yashi. A Ajah kuwa yashi ba ya tsada. Sannan yana cin roba, ga santsi in ya taɓa inda ake takawa.

Hajiya Mai Abinci Mile 12: Santsin nan kada ku raina shi. Ina da bas da muka mayar ta kai abinci wajen biki. Yaran suka shimfiɗa guntun kafet a matakala wai don kwalliya, kafet ya riƙa shan ruwa yana riƙewa, ƙasansa ya cinye ba wanda ya sani. Ranar da ta ɓurma, yarinya ce ɗauke da kular miya. Allah ya tsare ƙafar ba ta karye ba, amma ta sha ɗinki a ƙwauri. Ɗana direba, ka faɗa wa Alhaji kada a bar kowa ya hau kafin a gyara. 'Yan fim ɗin nan in ɗaya ta ji ciwo, kuɗin da za a nema wurinku ya fi na gyaran nesa ba kusa ba.

Direban Mai Ɗaki: Na gode Hajiya, na sa benci a bakin ƙofar, ta gaba muke shiga yanzu.

Direban Mai Ɗaki: Jama'a na dawo. Mun yi gwajin tiyo ni da maigadi. Dokin ƙofa shiru, gefe shiru, taga shiru. Da na kai saman ƙofa, wajen ƙarfen da ya riƙe rumfa, can sai maigadi ya ce ga shi nan yana tsattsafowa a kusurwar nan ta baya. Na hau tsani na duba. Wani ya taɓa lafta silikon a wurin, ya ɗago, na ja shi ya taho a tsaye kamar taliya. A ƙarƙashinsa ƙusa ɗaya tana juyawa a banza, ramin ya yi baƙi. Ɗan indararon da ke saman ƙofar kuma cike yake da ganye da ƙasa. Ga shatin ruwa tun daga gindin esi har wurin. Injiniya, Allah ya ƙara basira.

Injiniya Yaba: Amin. Ka danna bangon ciki daga saman ƙofar har ƙasa da tafin hannu, in akwai inda ya yi laushi a buɗe shi ma. Silikon ɗin nan a kankare shi tas a goge wurin, don ba abin da ke kama bayansa, har shi kansa sabon silikon. A kwance ƙarfen rumfar, a sa tef ɗin butil, mai danƙon nan da ke hana ruwa shiga, a bayansa, a cike ramin da ya lalace a sa ƙusa mai ɗan kauri, a ɗaure har butil ya ɗan tsartso ta gefe. Sannan a bi bakin da gam na foliyuritan irin Sikaflex 221. Ku duba kwanan watan da ke jikin kwalin, wanda ya kwana biyu a shago cikin zafi yakan daskare. Notunan da suka riƙe esi ta ciki ma a gwada su, in sun saki soson da ke tsakaninta da rufi ba ya matsewa.

Mai Walda Owode: To an gano ɓarawo. Yanzu a dawo kan maganata. Ƙarfe.

Baba Kafinta Agege: A dawo. Saurara ɗana direba, in faɗa maka yadda zan yi in ni ne. Za a fitar da batiran, a ɗaye robar, a bi katakon da sukudireba ana sokawa har a kai inda ya ƙi shiga. Daga nan a ƙara kamar faɗin tafin hannu cikin mai lafiyar a yanke, don ruɓa tana gaba da inda ido ke gani. Tsohon kada a farfasa shi, a ciro shi a hankali, shi ne ma'aunin sabon. Sai a bar wurin a buɗe. Nan ne mutane ke gazawa, don maigida yana ƙirga kuɗin hayar da ke wucewa. Da daminar Legas katako ba ya bushewa don an bar shi, sai an sa masa fanka dare da rana, motar tana ƙarƙashin rumfa ko tamfol. Masu na'urar auna danshi suna cewa in ya haura kashi 20 cikin ɗari ruɓa na iya ci gaba. In ba na'ura, a manna farar leda a wurin da salatif a kwana, in da safe ta yi gumi ta ciki bai bushe ba.

Katakon da za a mayar filawud ne na marin, wato irin na aikin jirgin ruwa, mai kaurin milimita 18. A yi hattara, a kasuwa akwai wanda tambarin kawai ne marin. Ka yanki ɗan guntu ka dafa shi a tukunya, na gaske ba zai rabu ba, na bogi zai buɗe falle-falle. MDF kuwa, allon nan na matsattsen garin katako, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Bayan an yanka, a shafe shi da efoksi, ruwan gam mai sandarewa ya hana ruwa shiga, gaba da baya, musamman bakin yankan, nan ne yake shan ruwa, a yi masa biyu ko uku. Duk ramin ƙusa a ɗiga masa gam kafin a ɗaura, ƙusoshin kuma na sitenles. A ba hawan ɗan gangare zuwa waje, a huda ƙananan ramuka a kwanon ƙasa ta kusurwa don abin da ya shiga ya samu mafita. Ramukan iskar akwatin batir kuma kada wanda ya toshe su da sunan hana ruwa.

Ɗan Kosta: Baba, in efoksi ya yi tsada fa? Masu ƙera jirgin faiba suna da wani ruwan gam mai araha.

Baba Kafinta Agege: Wancan foliyesta ne, ya fi babu, amma bai kai efoksi kama katako ba, yana iya ɗagowa in ana takawa kullum. Wurin nan bai fi rabin falle ba, kada a yi rowa a kansa.

Mai Walda Owode: Duk wannan wahalar, dafa katako, kwana da leda. Ni yini ɗaya na gama.

Injiniya Yaba: Kowannenku yana da rabonsa a aikin. Kwanon da ke ƙarƙashin katakon da tiren batir na mai walda ne, in sun huje. A ciro abin da ke ciruwa a kai masa shago. Amma kafin fenti a wanke tiren da ruwan soda don kashe asid ɗin batir, in babu ko ruwan kanwa ya yi, a ɗauraye sosai a busar. Sai burushin ƙarfe, sai maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, sai jan fenti, sai fenti na sama. Jan fenti shi kaɗai ba ya tare ruwa. In kuma ana son farantin alminiyam a saman hawan don kyau da hana santsi, a ɗora shi kan katakon da aka shafe. Kada a manna alminiyam kai tsaye da baƙin ƙarfe, in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa yana fari.

Mai Walda Owode: Wannan na yarda da shi, na sha ganinsa a motocin kifi. Amma ina nan kan bakana, da tawa ce ƙarfe zan sa.

Hajiya Mai Abinci Mile 12: Ku dai ku sa abin da ƙafa ba za ta zame ba. Kuma a daina wanke cikin motar da bokiti, yaran wanki sun fi damina ɓarna.

Direban Mai Ɗaki: Na kai wa Alhaji bayani duka. Ya yarda da katakon marin da gyaran sama, amma maganar a bar ta a buɗe tana bushewa ce ba ta yi masa daɗi ba, wai akwai masu son ta ranar Asabar. Na ce su shiga ta ƙofar gaba ko su haƙura. Na kuma juya motar, na sa katako a ƙarƙashin tayoyin dama, yanzu ruwan esi ta hagu yake sauka ta baya.

Baba Kafinta Agege: In ya matsa a rufe shi da danshi, a nemi wani kafintan, ba ni ba. In ya haƙura, ka turo min awon hawan biyu da hoton kusurwar ta akwatin saƙo, in yanko daga nan Agege in shafe shi ya sha iska kafin in taho.

Rewaya Ladipo: Matakalar wajen kuma ka kwance ta ka kawo min kasuwar Ladipo da ita da akwatinta da wayoyin, kada ka yanke ko ɗaya, soket ɗin za ka zare. Ka ɗauki hoton yadda suke kafin ka cire. Ka fito da asuba, in ka bari gari ya waye a hanyar Lekki sai azahar. Batiran ma ka taho da su in gwada, ina zargin ɗaya ya mutu yana jan ɗan'uwansa.

Direban Mai Ɗaki: Notin baya ɗaya ya ƙi kwantuwa, kansa ya cinye, sifana sai zamewa take. In yanke shi da giranda?

Mai Walda Owode: Batiran suna waje? Gas a rufe? To jiƙa shi da man kwance tsatsa ya kwana, da safe ka kama shi da filaya mai kulle. In ya ƙi, zarton ƙarfe na hannu za ka sa, ba giranda ba, tankin fetur bai da nisa da wurin. Ka tara wani abu a ƙarƙashin matakalar kafin notin ya saki, tana da nauyi.